Yadda Bairos Ya Kusa Cinye Mani Waƙoƙin Shekara Takwas, Da Yadda Muka Ceto Kwamfutar Gidanmu

 Yau ba sabuwar waƙa na kawo maku ba, ba kuma sharhin fim ba. Labarin abin da ya same ni ne a gida Karofi a daminar 2024, da darasin da na koya a ciki. Duk wanda ke da kwamfuta a gida, ko yake kai memorinsa wurin masu turi, ya daure ya karanta har ƙarshe, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da ke cikin kwamfutar

Kwamfutar gidanmu ta tebur ce, 'yar Beljiyam, Yayanmu ya sayo ta a Kano tun ina sakandare. Windows 7 ce a kanta. Ni ne mai kula da ita, kuma ni na cika ta. Akwai waƙoƙin Shata da na bi mutane ina roƙo har na tara, da na Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef tun na farko-farko, da Hamisu Breaker da Ado Gwanja, ga tsofaffin finafinai irin su Sangaya da Wasila. Wanda bai zauna yankinmu ba zai ce ai duk suna intanet. To a watan Satumba na 2021, da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, wata da watanni muka yi babu sabis. A lokacin kwamfutar nan ce sinimar unguwarmu. Kowa ya kawo memorinsa in zuba mashi.

Amma waƙoƙi ba su ne mafi tsada a ciki ba. Akwai bidiyon bikin yayata, inda marigayi Baba yake yi wa ango da amarya nasiha. Nan kaɗai muke da muryarsa. Akwai hotunan gida. Sannan akwai furojet ɗin ƙanwata na kammala karatun NCE, saura mata sati uku ta miƙa.

Cuta ta farko: bairos mai shotkot

Ƙanwata ta kai filash ɗinta wani shagon buga takardu a Dutsin-Ma. Da ta dawo ta saka a kwamfuta, sai ta ga duk folda-foldanta sun koma shotkot, wato kowace da 'yar kibiya a gefenta. Ta danna ɗaya, folda ta buɗe, ta ce ai lafiya lau. Ashe wannan dannawar ita ce ta buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Ga yadda abin yake aiki. Wannan bairos ba ya goge kayanka, ɓoye su yake yi. Sai ya ƙirƙiri shotkot mai suna iri ɗaya da foldarka. Kana dannawa, zai fara kunna kansa a ɓoye, sannan ya buɗe maka foldar don kada ka gane. Daga nan ya zauna cikin kwamfutar, duk filash ko memorin da aka saka sai ya shafa mata. Cikin kwana huɗu memori shida na abokaina suka kamu a hannuna. Ɗaya har gida ya biyo ni yana cewa na goge mashi Labarina gaba ɗaya.

A lura: wayarka ta Android ba ta kamuwa da wannan nau'in, don na Windows ne. Amma memorin da ke cikinta na iya ɗauke shi ya kai wa wata kwamfutar, kamar sauro da zazzaɓi.

Cuta ta biyu: ni na jawo ta da hannuna

A nan na yi wautar da har gobe nake jin kunyarta. Akwai antibairos a kwamfutar tun daga shago, amma wa'adinsa ya ƙare da daɗewa, kullum sai dai ya fito da jan rubutu in rufe. Maimakon in cire shi, sai na ƙara wani na kyauta a kansa. Kwamfuta ta fara nauyi. Na ce ƙila bai da ƙarfi, bari in nemo babba. Na shiga wani shafi na sauko da antibairos na kuɗi wanda aka fasa, irin wanda ake cewa kirak. Bayanin da ke tare da shi ya ce sai na kashe duk wata kariya kafin in saka. Na kashe. Na saka.

Ku duba fa: ɓarawo ya ce in ɗaure kare kafin ya shigo, ni kuma na ɗaure.

Bayan kamar minti ashirin, fankar kwamfuta ta fara gurnani, linzami ya daina motsi sosai. Na buɗe foldar takardu da kyar, sai na ga kowane fayil an ƙara mashi wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunansa, kuma ba ya buɗewa. Ga wani sabon fayil mai suna _readme.txt. Ina cikin karantawa aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu ina tsaki. Ban san ɗauke wutar nan ce rahamar da Allah Ya yi mana ba.

Da safe Inna ta ga fuskata ta ce, "Kai, mi ya faru? Ko kwamfutar ce?"

Na ce, "Ita ce, Inna."

Ta yi shiru, can ta ce, "Muryar Malam tana ciki ko?"

Ban iya ba ta amsa ba.

Mene ne ya kama mu

Na kira wani abokina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Kalmarsa ta farko: "Ko an kawo wuta kada ka kunna ta. Ɗauko ta ka zo." Na naɗe ta da bargo na ɗaure a bayan babur.

Shi ya yi mani bayanin cewa wannan garkuwa ce, irin wadda muka sani, sai dai da fayil ake yin ta. Manhajar tana kulle kayanka da mabuɗin sirri, sannan a nemi kuɗin fansa. Wanda duniya ta fi sani shi ne WannaCry na watan Mayu 2017, wanda ya shiga ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Amma wanda ya fi kama irinmu masu kwamfutar gida sunansa STOP/Djvu. Ya bazu tun ƙarshen 2018, kuma babbar hanyarsa ita ce manhajojin da aka fasa: na haɗa bidiyo, na haɗa kiɗa, wasanni, da na kunna Windows ta bayan fage. Takardar da ya bar mani ta nemi dala 980, ko dala 490 in na biya cikin awa 72. Kuɗin da ya ninka kuɗin kwamfutar sau da yawa. Kuma ko ka biya, wa zai kai ɓarawo ƙara in ya ƙi ba ka mabuɗi?

Dalilin da ya sa ya hana ni kunnawa: wannan cuta tana rubuta kanta cikin jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Da na kunna, da ta ci gaba daga inda ɗauke wuta ya tsayar da ita.

Mataki na 1: A fara kwashe kaya kafin a yi maganar gyara

Kuskuren da mutane ke yi shi ne rugawa wurin mai gyara su ce a yi fomatin. Fomatin share gida ne gaba ɗaya, da shara da zinariya. Ka fara fitar da zinariyarka.

Abokina ya ɗauko filash mai gig 8, ya yi amfani da wata 'yar manhaja mai suna Rufus a tasa kwamfutar mai lafiya ya zuba Ubuntu a ciki. Ubuntu wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne na dangin Linux, kyauta ne. Muka saka filash ɗin a tamu, muna kunnawa muka dinga danna F9, don HP ce. A Dell da yawancin Lenovo F12 ake dannawa. Muka zaɓi ta tashi daga filash, sannan muka danna Try Ubuntu. Ka kula, kada ka danna Install.

Amfanin wannan shi ne Windows ba ta farka ba sam, don haka bairos ɗin ma yana barci. Kana ganin duk fayilolinka, shi kuwa ba ya iya motsi.

Muka buɗe ɓangaren C: takardu, hotuna da foldar waƙoƙi duk an kulle. Muka buɗe ɓangaren D, hannuna na rawa. Finafinai suna nan lafiya. Bidiyon biki yana nan lafiya. Cutar ba ta kai can ba aka ɗauke wuta. Na kunna shi nan take na ji muryar Baba, sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Muka kwafe komai zuwa wani had-dis na waje da muka aro, har da fayilolin da aka kulle, a folda daban. Abin da muka bari: duk wani fayil da ya ƙare da .exe, .lnk, .vbs, .js, .bat ko .scr, da wanda ake kira autorun.inf. Ko da manhajar da kake so ce, bar ta. Akwai tsofaffin cututtuka irin su Sality da Ramnit da ke maƙalewa jikin fayilolin .exe masu kyau, ka kwafe su ka kwafe ciwo.

Mataki na 2: Dawo da kayan da ke cikin filash da memori

Wannan shi ne mai sauƙi, kuma shi zai fi yi wa yawancinku amfani. A kwamfuta mai lafiya, saka filash ɗin amma kada ka danna komai a ciki. Duba harafin da aka ba shi, misali F. Buɗe Command Prompt ka rubuta wannan daidai:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Ka canza F da harafin naka, ka danna Enter ka jira. Wannan umarni yana cire mayafin da aka lulluɓe fayilolinka da shi. Za ka ga foldoji na gaskiya sun fito, wani lokaci cikin wata folda marar suna. Sai ka goge shotkot ɗin duka da duk baƙon fayil, ka kwafe kayanka, ka yi wa filash ɗin fomatin, ka mayar.

Abin mamaki, a nan muka samu furojet ɗin ƙanwata, babi na ɗaya zuwa na uku. Filash ɗin da ya kawo mana cutar shi ya ajiye mana aikin. Babi na huɗu kam ya tafi, sai da ta sake zama ta rubuta daga takardun hannunta, dare biyar tana yi tana harara ta.

Mataki na 3: Fayilolin da aka kulle

Kada in yaudare ku, a nan ba kullum ake nasara ba. Akwai shafi mai suna ID Ransomware, inda za ka ɗora takardar fansar ya faɗa maka sunan cutar. Akwai kuma No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai na Europol da na ƙasar Holan suka buɗe tare da kamfanonin tsaro a 2016, ana samun manhajojin buɗe kulle kyauta a can. Kamfanin Emsisoft ya fitar da ta STOP/Djvu a 2019.

Sai dai kullen iri biyu ne. In cutar ba ta samu intanet ba lokacin da take aiki, tana amfani da mabuɗi na gama-gari, wanda akan dace a samu. In ta samu intanet, mabuɗinka kai kaɗai ne, yana hannun ɓarayin. Ni wayata na jone da kwamfutar a daren, don haka nawa ya faɗo cikin na biyu. Hotunan gida da takardu ba su buɗu ba har yau. Na adana su dai, ko wata rana za a kama mutanen a saki mabuɗan. Wasu hotunan mun tattaro su daga wayoyin dangi ta WhatsApp. Na sunan ɗan yayata ba mu samu ba.

Ga inda masoya waƙa za su ji daɗi. Don ya yi sauri, STOP/Djvu ba ya kulle babban fayil gaba ɗaya, kilobait 150 na farko kawai yake lalatawa. A waƙar MP3 ta yau da kullum wannan bai wuce daƙiƙa goma ba. Da wata manhaja ta kyauta mai suna Media_Repair muka gyara mafi yawan waƙoƙina. Suna kunnuwa, sai dai babu farkonsu. A waƙoƙin zamani ba a yi asara sosai ba, don wurin da ake kiran sunan situdiyo da mai kiɗa ne ya tafi. A na Shata kuwa abin ya yi mani ciwo, don shigar kalangu da amshin farko su ne rabin daɗin.

In kuma goge maka fayil aka yi, akwai Recuva da PhotoRec. Sharaɗinsu ɗaya: ka daina zuba sabon abu a wurin, don sabon kaya yana hawa kan tsohon ne.

Mataki na 4: Wanke kwamfutar

Bayan mun tabbatar komai ya fita, sai muka share had-dis ɗin duka, C da D, muka ɗora Windows 10 da aka sauko daga shafin Microsoft kai tsaye. Na tambayi abokina ko ba za a iya cire cutar kawai a bar Windows ɗin ba. Ya ce in ƙaramin bairos ne ana iya shiga Safe Mode a bincika da Malwarebytes, ko a yi amfani da Microsoft Defender Offline. Amma gidan da ɓarayi suka kwana a ciki, ba ka san ƙofa nawa suka yi wa mabuɗi ba. Ga shi kuma Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, wato shekara huɗu muna kwana ƙofa a buɗe.

Ita ma Windows 10 wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Tsofaffin kwamfutoci irin tamu ba sa ɗaukar Windows 11, don tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Masu irin wannan su fara tunanin Linux Mint ko Ubuntu. Suna kunna fim da waƙa da VLC lafiya lau.

Kafin mu mayar da kaya, sai da muka bar Windows ta gama sabunta kanta, sannan muka bincike had-dis ɗin wajen kaf.

Me ya sa antibairos biyu ba sa zama wuri ɗaya

Antibairos yana zama ne a can cikin ƙashin tsarin kwamfuta, duk fayil ɗin da za a buɗe sai ya riƙe shi ya duba. In su biyu ne, kowa na jan fayil ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kowa na kallon ɗan uwansa a matsayin abin zargi. Sakamakon shi ne nauyi, daskarewa, wani lokaci ma kwamfutar ta ƙi tashi. Zakara biyu ne a akurki ɗaya.

Wanda wa'adinsa ya ƙare kuwa maigadi ne mai barci. Bai san sababbin cututtuka ba, ga shi ya tare wuri. A cire shi gaba ɗaya. Manyan kamfanonin suna da manhajar cirewa ta musamman a shafinsu, don cirewar da aka saba takan bar saura.

Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a ciki, kyauta, kuma ya isa mai amfanin gida in ana barinsa ya sabunta. Smadav da muka saba gani a shagunan turi, wanda aka yi a Indunusiya, masu shi da kansu sun ce ƙarin kariya ne, musamman ta ɓangaren filash. Ba ya maye gurbin babban.

Mataki na 5: Canza kalmar sirri

Wannan cuta sau da yawa tana zuwa da abokin tafiya mai satar kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza. Daga wayata na canza na Gmail da Facebook da komai, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Wanda yake shiga asusun banki da kwamfutar da ta kamu, ya fara da wannan tun kafin gyara.

Dokokin da na kafa a gidanmu yanzu

Na farko, babu kirak. Mai gyaran bidiyo ya nemi Shotcut ko Kdenlive, mai gyaran sauti ya nemi Audacity. Kyauta ne na halak.

Na biyu, na saita Windows tana nuna ƙarshen sunan kowane fayil. Waƙa tana ƙarewa da .mp3, fim da .mp4 ko .mkv. Ka ga an rubuta sunan sabuwar waƙa amma ƙarshenta .exe, ko fim guda bai kai megabait biyu ba, gudu.

Na uku, duk memorin da ya shigo sai an bincike shi kafin a buɗe, ko na wane ne. Abokaina sun yi fushi na sati ɗaya suka huce.

Na huɗu, a nemi abu daga tushensa. Labarina yana tashar Saira Movies a YouTube, Izzar So yana Bakori TV, mawaƙa da yawa suna da shafukansu a Audiomack da Boomplay. Ka tsira daga cuta, mai aikin ma ya samu ɗan abin da zai ci gaba da shi.

Na biyar, wadda ta fi duka: abin da ba za ka iya sake samu ba, ya zama yana wuri uku. Waƙar Breaker ko ta ɓace za ka same ta gobe. Muryar mahaifinka fa? Bidiyon bikin nan yanzu yana kwamfuta, yana cikin filash da Inna ta kulle a adakarta wanda ba a saka shi sai za a ƙara abu, yana kuma Google Drive, inda kowane mai Gmail yake da gig 15 kyauta. Na tura wa yayata kwafi ma. Kuma kada ka bar had-dis ɗin ajiya a jone kullum, don in cuta ta shigo har shi za ta haɗa.

Ranar da na dawo da kwamfutar gida, bayan sallar isha'i Inna ta ce in kunna mata. Muka zauna da ƙanwata muka saurari nasihar Baba daga farko har ƙarshe, babu wanda ya yi magana. Da ya ƙare ta ce, "Allah Ya jiƙan Malam. Kai kuma kada ka ƙara saka mata abin da ba ka sani ba."

Na ce, "In sha Allahu, Inna."

Wanda duk ya karanta wannan, yau ɗin nan kafin ya kwanta ya zaɓi abu biyar da ya fi ji da su a waya ko kwamfutarsa, ya kwafe su wani wuri. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu koma fagenmu na waƙa.